Tikiti Ashirin na Motar Mata

Da aka buɗe akwatin ƙungiyar mata ranar Litinin da safe, naira dubu goma da ɗari huɗu kawai aka tarar a ciki. Kuɗin motar mata ne na ranar kasuwar Jibiya, motar da ƙungiya ta ɗauka haya zuwa Maraɗi tun da Shari'a ta raba maza da mata a mota. Direba Mahmudu kaso arba'in cikin ɗari yake karɓa, sauran na akwati, amma ga nasa ya kusa kamo na ƙungiya.

Nan take ido ya koma kan Salmatu mai sayar da tikiti. Aka fara zancen alƙali. Salmatu ta zauna tana kallon hannunta na dama, ta kasa ko kuka.

Malama Khadijatu mai koyar da lissafi ta roƙi a ba ta zuwa la'asar. Abin da ya biyo baya, har yau ba ta son tuna shi.

Mahmudu ya ce shi kawuna yake ƙirgawa a kowane sawu, ya faɗa wa Salmatu, ta biya shi. Bai riƙe adadin ba, amma dubu tara da ɗari shida ya karɓa. Khadijatu ta kira cinikin duka x a bayan takarda. Kaso arba'in na x ne kuɗin Mahmudu, don haka x dubu ashirin da huɗu ne. A naira ɗari biyu kowace mace, mata ɗari da ashirin ke nan. Gindin tikitin Salmatu kuwa ɗari ne cif, kuɗinsu dubu ashirin, in an cire na Mahmudu, daidai da abin da ke cikin akwati.

Khadijatu ta hau babur zuwa bakin iyaka. Luka, jami'in da ke rubuta masu tsallakawa, ya duba littafinsa: matan motar ɗari da ashirin ne, Mahmudu bai ƙara ko ɗaya ba. Ashirin a cikinsu matan Nijar ne.

Matan Maraɗi da sefa suke biya, Salmatu kuma ba ta karɓar sefa. A ƙofar mota suke miƙa wa ma'ajin ƙungiya, ta canza, ta yanko musu tikiti. Ma'ajin ita ce Hajjo, ƙanwar mahaifin Khadijatu, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama.

Khadijatu ta same ta tana tsintar wake. Hajjo ba ta musa ba, ita ta riƙe sefar mata ashirin ɗin, ba ta yanko musu tikiti ba. Ta ce maganin maigidanta ne, a Maraɗi kuma sefa suke so, niyyarta ta mayar.

"Gwaggo, Salmatu fa?"

"Da an kai ta gaban alƙali, ai da na yi magana."

"Ɗazu kina wurin, ba ki yi ba."

Hajjo ta ture faifan, ta jawo mayafinta. "To, tashi mu je. Amma ke za ki faɗa musu, 'yar nan. Ni bakina ba zai iya ba."