Yanar Idon Abba

"Ba zan bayar ba, Abba."

Hannun Abba na miƙe yana jiran fasfona. Umma ta dafe ƙirji.

"Auta! Mahaifin naki kike kallo cikin ido?"

Sai a lokacin na lura idona na cikin nasa. Ni likita ce, asibitin ido na wata ƙasa zan tafi ƙaro karatu. A ganawar farko da suka yi da ni ta bidiyo, kaina a sunkuye na amsa komai. Matar da ke tambayar ta ce a wajensu wanda ba ya kallon ido wani abu yake ɓoyewa. Abin da a gidanmu ake kira tarbiyya! Na dinga koyo a gaban madubi har na haye ganawa ta biyu. Ashe idon ya saba.

Injiniya, wanda zan aura, ya gyara zama a kan kafet. Shi ya kawo ƙarata.

"Hasken idona... kunyarki na fara so. Tun ba ki tafi ba kin koma haka, ina ga kin zauna inda yaro ke kiran dattijo da sunansa?"

"Tun ina yarinya ƙasa nake kallo, Injiniya. Ko allura ban tsinta ba!"

"Ki zaɓa. Ni, ko jirgi."

Idona na kan Abba. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai yau.

"Abba... yaushe idonka na hagu ya yi yana?"

Ya janye hannunsa a hankali.

"Wace irin yana?" in ji Umma. Ita da ta haifa masa mu duka, ba ta sani ba.

"Tunda kin gani, sai ki zauna," Abba ya faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa, amma ban sauke idona ba.

"Aikin cire ta zan je koyo, Abba. Gobe in kai ka wajen malamina ya yi maka, ba ya ɗaukar lokaci. Amma tafiya ba fashi."

"Idon da ya ga 'yarsa ta tsaya masa, gara ya rufe."

Ya tashi, yana lalubar bakin ƙofa da hannu. Sau nawa ya yi haka a gabanmu muna kallon ƙasa?

Na zare zoben Injiniya na ajiye kusa da makullin motarsa. Wannan karon shi ne ya sunkuyar da kai.

Ranar tafiya Umma ce kaɗai ta rako ni bakin ƙofa, tana kuka tana gyara mini mayafi. Na yi sallama a ƙofar Abba har muryata ta dishe.

Fasfona na hannuna. Na rasa mijin aure, na tafi babu albarkar mahaifina, kuma ban sani ba ko zai iya ganina ranar da zan dawo.