Shanun da Aka Nuna da Fensir

Raihana na tsugune a tsakar gida tana kankare shuɗin fenti daga gindin tukunyar miya, tana yi tana mita. Tun da aka kawo ta gidan nan a cikin garin Daura ba ta ga abu ɗaya da ya tsira da kalarsa ta asali ba. Ludayi ya zama kore, buta ta zama ja. Har zakaran maƙwabta da ya yi gangancin tsallako katanga ya koma gida da ruwan ɗorawa a jela, kajin gidansu suka ƙi shi, ya ƙare rayuwarsa gwauro.

Mijinta Musaddiq mai zane ne, abin da ya karanto a makaranta ke nan, kuma ba ya zane a ɗaki. Da gari ya waye sai ya ɗaure katakonsa mai ƙafa uku a bayan mashin, ya nufi bakin fadama ko gindin wata tsohuwar kuka, ya zauna yana shafa fenti a ƙyalle har hasken rana ya juya. Ranar Asabar kuma yana tara samari da 'yan mata yana koya musu. Mutanen gari sun kasa yanke hukunci ko wannan sana'a ce ko lalura, amma Raihana ta ce ta ji ta gani, shi take so.

Da safen nan ya fito yana murmushi, ya ce mata Asabar mai zuwa zai kwashi ɗalibansa zuwa rugar mahaifinta, Alhaji Nagoggo, a bayan Baure. Damina ta yi kyau, shanun sun yi ɓul-ɓul, yara za su ga abin zanawa.

Raihana ta ajiye tukunyar.

"Ka dai san Baffa. Ni da ya haifa ban san adadin shanunsa ba. Ko baƙo ya cika kallonsu, sai ya kora su bayan tudu."

"Madam, kwantar da hankalinki. Zana su za mu yi, ba ci ba. Na buga wa Yaya Kalilu, ya ce mu zo."

Ta roƙe shi ya bari sai ya sami Baffa da kansa, in kuma ya ƙi, to ya ja wa yaran kunne kada kowa ya yabi saniya ba tare da ya ce tubarkalla ba. Ya ce to, irin to ɗin mazan da hankalinsu ya riga ya hau mashin.

Ranar Asabar Alhaji Nagoggo ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Da ya dawo da hantsi, ga abin da ya tarar: mutum wajen ashirin sun yi wa garkensa zobe, kowa ya miƙe hannu sambal, ya ɗaga fensir, ya rufe ido ɗaya, yana nuna saniya. Haka masu zane ke auna abu daga nesa, su gwada tsawon ƙafa da faɗin ciki a jikin fensir kafin su sa a takarda. Alhaji bai san wannan ba, kuma ko da ya sani ba zai rage komai ba. Shi dai ya ga idanu ashirin a buɗe, ashirin a rufe, da tsinke a kan dukiyarsa.

Yana tsaye wata yarinya ta ce, "Sir, dubi tozon wancan bajimin, wallahi ya haɗu!" Wani saurayi kuma yana ƙirga su da ƙarfi don ya san nawa za su shiga takardarsa. Babu wanda ya ce tubarkalla. Musaddiq kansa ya manta, yana can yana yaƙi da inuwar ƙaho.

Tsohon ya tako ya iso wurinsu. Ya amsa gaisuwar surukinsa, ya sa aka dama wa baƙi fura da nono, ya raka su har bakin hanya. Suna ɓacewa ya aika aka karɓo rubutu, aka yayyafa wa shanun ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a yanke gero, bajimin nan mai tozo ya fara tari.

Daga shi sai na kusa da shi. Saniya za ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, tana numfashi da gurnani, sai ta daina kiwo, sai ta kwanta. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce ciwon huhu ne, sun sha ruwa tare da baƙin shanun da suka tsallako iyaka, ya kuma tambayi dalilin da ya sa ba a kai su allurar rigakafi ba. Kalilu, babban ɗan Alhaji, shi aka aika da shanun wurin allurar a bara, ya tsaya kallon dambe har masu allura suka tashi, ya dawo ya ce an yi. Shi ne kuma ya ba masu zane izinin zuwa. Mutumin da ke ɗauke da laifi biyu irin waɗannan yana buƙatar wuyan da zai rataya su, don haka duk rugar babu wanda ya kai Kalilu ɗaga murya cewa kambun baki ne, kuma an san mai shi.

Aka aika Daura cewa Inna Kubura, mahaifiyar Raihana, ba ta da lafiya. Raihana ta taho a gigice da cikinta da ya fara fitowa, ta tarar da Inna garau tana tankaɗe. Aka ce ta shiga ɗaki, ta zo ke nan.

Musaddiq ya biyo sahu washegari. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban tabarmar Alhaji. Kalilu ne ya yi magana a madadin gida: abu biyu ake so. Ya kawo duk zanen da aka yi na shanun, nasa da na ɗalibansa, a ƙone. Sannan ya rubuta wa Raihana takardarta.

"Baffa," in ji Musaddiq, kansa a ƙasa, "na yi laifi. Na shigo maka garke ban nemi izininka ba, kuma an gaya mini ban ji ba. Zanen zan kawo. Amma takarda, ka gafarce ni, hannuna ba zai iya ba."

"Hannun da ya iya kashe bajimi daga nesa?" in ji Kalilu. "Saki ai layi ɗaya ne, Malam mai fenti. Ko sai ka rufe ido ɗaya tukuna?"

Alhaji ya kawar da kai. Ya ce shi ba zai tilasta kowa ba, amma 'yarsa ba za ta koma gidan da ake ajiye irin wannan ido ba.

Musaddiq ya bi gidajen ɗalibansa ya karɓo takardun, ya haɗa da nasa babban zanen da ya fi kowanne kyau a duk abin da ya taɓa yi, ya tara su a bakin garke ya kyasta ashana da kansa. Fenti ya yi ta tafasa yana wari. Da wutar ta mutu aka ce ya kama hanya.

Zai tayar da mashin ya ji muryar Raihana ta bayan zana, ƙasa-ƙasa, tana kuka. Ta ce kada ya kuskura ya kawo malamai ko likita su yi wa Baffa bayani, don duk wanda ya kayar da Baffa a magana ya rasa shi har abada.

"To me zan yi, Raihana?"

"Ban sani ba. Kada dai ka rubuta. Kuma kada ka ɓace."

A Daura labari ya riga shi isa, ya kuma yi ƙiba a hanya. Iyaye suka janye 'ya'yansu, ajin Asabar ya watse. In ya wuce ta lungu mata na jan awakinsu cikin zaure. Wani mai shayi ya rantse cewa Musaddiq ya kalli madararsa ta tsinke. Har wani bawan Allah ya same shi a asirce, ya miƙa masa sabon fensir, ya roƙe shi ya taimaka ya nuna masa wani ɗan'uwansa da suke rigimar gona. Musaddiq ya jingine katakonsa mai ƙafa uku a bayan ƙofa, ya sayi shebur da diga.

A rugar kuwa, saniyar da aka ga za ta tafi akan yi maza a yanka, mahauta su ɗauka a wulaƙance. Wadda ta riga wuƙa ta zama mushe, sai a haƙa rami mai zurfi a binne don kada cutar ta yaɗu, kuma babu mai son wannan aiki. Wata safiya suka tashi suka ga mutum a bayan garke, ya shige rami har ƙugu yana watso ƙasa. Babu wanda ya kira shi, babu wanda ya kore shi. In ya yi sallama ba a amsawa sai a ciki-ciki. Ya haƙa, ya ja mushe da igiya, ya rufe, ya hau mashin ya koma gidan da babu kowa. Gobe ya dawo.

Haka aka yi kaka, aka shiga rani. Tafin hannunsa ya yi kanta, ya tsage, yatsun suka ƙage har ba ya iya riƙe cokali daidai, balle burushi. Raihana tana leƙensa ta ɓular zana, ta rame sai ciki, in Inna ta ce ta ci abinci sai ta ce sai wancan na cikin ramin ya ci. Inna Kubura ta gaji, ta fara ajiye ƙwaryar fura a gindin wata ƙaya, tana faɗa da ƙarfi cewa ta manta ta a can ne.

Labari ya riƙa zuwa cewa garken wane ya ƙare, na wane ma haka, har cikin Nijar, wuraren da ko alli ba a taɓa nuna wa saniya ba. Alhaji Nagoggo yana ji. Yakan dubi Kalilu ya daɗe, Kalilu ya tashi ya ba da wuri. Amma tsoho bai janye hukuncinsa ba, don maganar da ya yi a gaban jama'a ta fi ƙarfin ya haɗiye ta.

Daga ƙarshe saura saniya ɗaya, Fure. Tsatson karsanar da aka ba Alhaji ranar sunansa ce, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka zo kanta. Ranar da ta kwanta, Kalilu ya kira mahauci, aka wasa wuƙa, aka juya ta gabas. Musaddiq yana gefe da sheburinsa, ko da za a makara.

Alhaji ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan saniyar a cinyarsa, ya ɗaga wa mahauci hannu ya dakata. Sannan, karo na farko tun ranar wutar, ya dubi surukinsa.

"Kai. Wancan babban da ka ƙona, tana ciki?"

"Tana ciki, Baffa. Ita ce a tsakiya."

Tsohon ya shafa mata goshi.

"Kayan aikin naka suna ina?"

Musaddiq ya ce suna Daura. Sai aka ji motsi a bayan zana, Raihana ta fito da ƙyar, riƙe da ƙugu, babu wanda ya ba ta izini. Ta zaro gawayi daga murhu, ta ɗauko farin zanen gadon Inna, ta shimfiɗa a kan faifai ta ajiye a gaban mijinta.

"Baffa, za ta yi mushe fa," in ji Kalilu. "Numfashin ya kusa ɗaukewa."

"Ta yi. Akwai mai haƙa rami." Ya juya ga Musaddiq. "Rufe idon naka, ka nuna ta. Me ya rage da zai ci?"

Musaddiq ya ce tubarkalla. Ya miƙa hannun nan da ya farfashe, ya ɗaga gawayi, ya rufe ido ɗaya. Yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, layin farko ya karkace, ya goge da gefen riga ya sake. Alhaji yana kallo yana gyara masa: ƙahon hagu ya fi haka sunkuyawa, irin na uwarta ne, akwai tsaga a kunnen dama, idon ba haka yake ba, Fure ba ta taɓa kallon mutum da tsoro ba. Mahauci ya gaji da tsayuwa ya mayar da wuƙarsa kube.

Kafin a gama ƙafafun baya, Fure ta ja dogon numfashi ta saki. Babu wanda ya motsa. Musaddiq ya ƙarasa ƙafafun daga abin da ya tuna, ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji Nagoggo ya riƙe ƙyallen ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Musaddiq ya miƙe ya ɗauki shebur.

"Ajiye," in ji tsohon. "Kalilu zai haƙa wannan. Kai ɗauki matarka ku tafi tun da rana, kuma ka bi da ita a hankali, hanyar akwai ramuka."

Raihana ta durƙusa a gaban mahaifinta tana kuka, ya ɗora mata hannu a ka, ya ce Allah Ya sauke ta lafiya.

Garken bai dawo ba, yatsun Musaddiq ma ba su koma kamar da ba, har yau layinsa yana ɗan rawa. Amma matarsa ta haihu a ɗakinta, ajin Asabar ya sake cika a hankali.

Don haka ku samari masu ilmi, ku ji da kyau. In za ku shiga gidan surukai, ku tambayi abin da suke tsoro kafin ku nuna musu abin da kuka iya. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ko an ɗora muku wadda ba ku yi ba, gaskiyarku ba za ta dawo muku da mace ba in kuka tsaya jayayya da dattijon da ke cikin baƙin ciki. Ku yi haƙuri, amma ba haƙurin zama a ɗaki ba. Ku je inda aikin da kowa ke gudu yake, ku yi ta yi, har Allah Ya sanyaya zuciyar da ta ƙi ku.