Shuɗi Biyu a Tanki Ɗaya

Na rantse ba za ku yarda ba, amma kifin da bai kai tafin hannu ba ne ya ƙarar mini da ƙarfi yau.

Tun da na bar makaranta nake zama a shagon Kawu. Kifayen ado yake sayarwa a tankunan gilashi. Ni kuwa kowa ya shigo sai in ce masa kifayen nan sun san muryata, har gaisuwata suke amsawa.

Shekaranjiya Kawu ya fita. Sai ga wata malamar asibiti da ƙaramar 'yarta.

"Muna da kifi ɗaya a gida, irin wanda ake kira siklid, shuɗi," in ji ta. "Yarinyar nan ta dame ni wai ba shi da aboki. Ina mai shagon?"

"Anti, ai shi ma ni yake tambaya," na ce.

Na kamo mata wani siklid namiji, shuɗi shar, irin nata sak.

"Ba za su yi faɗa ba?"

"Wa da ƙani? A kwano ɗaya za su ci."

Yau da safe suka dawo ɗauke da tsohon kifinsu a roba. Jelarsa duk a yage, yana kwance gefe guda. Idon yarinyar ya kumbura don kuka. Uwar ta zauna a kan benci, ko jakarta ba ta sauke ba.

"Daga aikin kwana nake," ta ce. "Na tarar sabon ya hana shi ko leƙowa daga bayan dutse."

Kawu ya dube ni.

"Gwanin baki, kai ne?"

"Kawu, kama suka yi."

"Kamar ce ta haɗa su faɗa. Namijin siklid in ya ga mai launinsa, ɗauka yake an zo ƙwace masa wuri. Sai a nemo masa mai wani launi, girmansu ɗaya, a ƙara duwatsu kowa ya samu maɓoya."

"Zai mutu?" yarinyar ta tambaya.

"Ba zai mutu ba, 'yata. Jela tana tsirowa. Ku bar shi nan ya huta shi kaɗai."

Sai a lokacin ta saki rigar uwarta.

Kawu ya juyo kaina. "Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka jira wanda ya sani. Ɗauki bokiti."

Jinyar kifin ta dawo wuyana, da sauya ruwan duk tankunan shagon. Tun hantsi nake jido, bayana kamar zai ɓalle. Na zauna kenan in ɗan huta, na ji muryarsa daga ciki.

"Saura babban tankin."

Na tashi.