Tsarabar Hooyo

Falon ya cika da kaya har babu wurin sa ƙafa. Sagal na durƙushe a kan akwati tana danna shi da gwiwa, gumi na keto mata duk da sanyin garin Silver Spring na Amurka.

"Baban Hairat, zo ka zauna a kan akwatin nan in ja zif! Tsaye za ka yi kana kallona kamar baƙo?"

Hamissou ya zo ya zauna a kan akwatin. Direban tasi ne ɗan Damagaram, ita kuma 'yar Somaliya ce mai aikin jinya. A masallaci aka haɗa su, kuma a shekarun aurensu ta tsinci Hausa a bakin maƙwabta har tana yi masa tsiya da ita.

"Ka ga takalman nan? Masu laushi ne, saboda ƙafar Hooyo. Ga na'urar awon jini, ga mayafai. Wallahi in ta ga Hairat sai ta yi kuka!"

Hooyo shi ne yadda take kiran mahaifiyarta. Tun Sagal na budurwa suka rabu a sansanin gudun hijira a Kenya, ita ta yo Amurka, tsohuwar ta koma Kismayo. Tun cikin Hairat na tsufa ba ta sake jin muryarta ba. Yayanta Guled, wanda ke kula da gida, ya ce an kai Hooyo ƙauye ta huta, can kuwa babu netwok. Kullum dai saƙon ɗaya ne: tana lafiya, tana gaishe ki.

"Me ya same ka ne? Ko kishi kake yi za mu tafi Kismayo mu bar ka?"

"Bon... gajiya ce kawai," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ranar Juma'a ta je masallaci yin sallama da mutane. Ana idar da salla wata tsohuwa 'yar ƙasarsu, wadda ba ta daɗe da dawowa daga gida ba, ta rungume ta.

"'Yata, ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Ina Kismayo aka yi rasuwar, har gida na je gaisuwa."

"Wace mahaifiyar? Inna, ko dai kin ɗauke ni wata ce?"

Tsohuwar ta dafe baki. Nan take Sagal ta gane. Maƙwabciyarta Hajiya Hannatu ta yi maza ta cafke jaririya Hairat daga hannunta.

Ta tarar da Hamissou a gida yana ɗaure akwati da igiya.

"Hamissou!"

Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar sunan Hairat. Igiyar ta suɓuce masa.

"Yaushe Hooyo ta rasu?"

"Sagal, zauna tukuna..."

"Yaushe!"

"Lokacin da aka kwantar da ke asibiti, jininki ya hau. Guled ya kira ni. Ya ce in kika ji za mu rasa ki, mu rasa cikin. Babban wa ne, surukina ne, ta yaya zan yi masa musu? Da kika haihu sai ya ce a bari ki iso gida, a gaya miki cikin dangi."

"Kana kallona ina zagaye shaguna ina gwada mata takalmi? Kai ka kai ni a motarka! Kai ka zaɓi kalar mayafin!"

Hawaye ya zubo masa. Da ya yi shiru a nan da da sauƙi, amma abin ya daɗe yana cinsa.

"Akwai saura. Kafin ta cika ta nemi jin muryarki. Wayar na hannuna, ina tsaye a ƙofar ɗakinki na asibiti. Na ce musu kina barci."

Sagal ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, wannan mutumin da ta ɗauka a matsayin uwa da uba a ƙasar da ba ta da kowa.

"Yaƙi ya raba ni da ita, ban riƙe kowa ba. Teku ya raba mu, na haƙura. Ashe abin da zai hana ni sallama da uwata ƙofa ɗaya ce, kuma mijina ne a tsaye a bakinta. Ka ci amanata, Hamissou."

Ta yi tafiyarta ita da 'yarta. A Kismayo ta raba tsarabar ga tsofaffin unguwa, ta sa aka nuna mata kabarin, ta yi kukan da ya kamata ta yi tun watannin baya. Guled ya ba ta haƙuri, ya ce haka aka saba, ba a gaya wa na nesa ko mai ciki mutuwa. Ta san al'adar sarai, amma sanin bai rage mata zafi ba.

Da ta dawo, gidan Hajiya Hannatu ta sauka. Kullum da yamma Hamissou zai zo ya gaishe da Hajiya, ya ɗauki 'yarsa, ya tafi. Bai taɓa kare kansa ba, bai kuma turo kowa biko ba. Daga baya Hajiya ta zaunar da ita.

"'Yata, ya yi laifi, kuma ya sani. Amma tsoron rasa ki ne ya sa shi wautar nan. Ki koma ɗakinki."

Ta koma. Tana girki, tana amsa gaisuwa, amma tsiyar nan da dariyar nan duk sun ɗauke. Ana zaune dai, zuciya kuwa kowa da tasa.

Wata safiya yana wurin aiki wayarta ta yi ƙara. Mardiya ce, ƙanwarsa, daga Damagaram.

"Aunty, jikin Baba ya yi tsanani, likita ya ce sai addu'a. Sai kiran sunan Yaya yake yi. Amma manya sun ce kada a gaya masa, tuƙi yake yi, kuma ba abin da zai iya daga can. Ke ma don Allah ki rufe."

Sagal ta zauna a bakin gado. Gaskiya ita ce, zuciya ta raya mata ta rama. Shiru kawai za ta yi, babu wanda zai ga laifinta, shi ma ya ɗanɗana abin da ta ɗanɗana. Ta tuna kanta kwance a asibiti, uwarta na kiranta a bayan ƙofa.

"Mardiya, kada ki kashe. Ki matsa kusa da Baba."

Ta kira shi ta wayar gida.

"Baban Hairat, kana ina?"

"Ina kan babbar hanyar 270, zan sauke fasinja a Germantown. Lafiya?"

"Ka sauke shi, ka faka, ka kira ni. Ina jira."

Da ya kira ba ta yi kwana-kwana ba. "Baba ba shi da lafiya sosai, yana neman ka. Ga shi." Ta haɗa wayoyin biyu baki da baki, ta riƙe su a haka har hannuwanta suka sage. Tana jin muryar tsohon can ƙasa-ƙasa yana yafe wa ɗansa, yana sa masa albarka, tana jin mijinta na kuka kamar yaro. Washegari da la'asar Baba ya cika.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Hamissou ya durƙusa a gabanta.

"Me ya sa, Sagal? Ni da na hana ki?"

"Don na san ciwon. Ba zan so wa maƙiyina shi ba, balle kai." Ta kama hannunsa ta tashe shi. "Na yafe maka. Amma daga yau, komi ɗacin labari, daga bakinka nake son jinsa."

Masoya, ɓoye wa mutum baƙin cikinsa ba tausayi ba ne, ƙwace masa haƙƙinsa ne. Wanda kuma aka cuta ya samu damar ramawa ya ƙi, shi ne ya riƙe gidan. Hamissou ya samu albarkar mahaifinsa ta hannun matar da ya hana jin muryar uwarta, kuma bai taɓa mantawa ba.