Wayar Da Auta Ta Haɗa

Magariba ta kawo kai, an riga an rufe ofishin sayar da kayan gini da ke gaban gidan, sai waya ta yi ƙara a ciki. Yaya Babba ya koma ya ɗauka. Babu magana, sai numfashi mai nauyi, irin na wanda ya hau tudu da kaya. Ya ajiye da sauri, domin ya san abin da ya shuka.

Shekara goma sha biyu yana riƙe da ofishin nan, har dakon siminti ya yi, Baba bai taɓa ce masa madalla ba. Ƙanwarsa Auta kuwa, da dawowarta daga karatu ta haɗa wayoyin ofis da intanet, kira ya yi sauƙi, Baba ya riƙa nuna ta ga baƙi yana cewa ga idonsa nan. Maganar ta tsaya wa Yaya Babba a maƙoshi kamar ƙayar kifi. Shi ya sa ranar da wani ya kira ya ce daga kamfanin waya yake, yana neman kalmar sirri, ya gane ƙarya ce sarai, amma ya karanto masa. So yake kawai a ga aikin yarinyar ya zube.

Ya kuwa zube. 'Yan kutse suka riƙa sauraren hirar ofis, suna kiran abokan ciniki da lambar Baba suna yaudararsu. Auta ta sauya kalmomin sirri, ta toshe duk hanyar da baƙo zai shigo, ta raba layin waya da na kwamfuta. Ɓarayin suka ɗauke ƙafa. Kiran magariba ne bai daina ba. Ta zare igiya, ta kashe na'ura, wayar ta ci gaba da ƙara, tsakuwa na sauka a kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya. A rana ta bakwai ta ɗauka da kanta, ta kara a kunnen hagu, ta daɗe tana saurare, sannan ta sulale ƙasa.

Baba ya ɗauko amininsa, wani malami mai sanyin murya. Malam ya zauna kusa da tabarmar da aka kwantar da ita, ya fara karatu a hankali. Can bakinta ya buɗe, muryar wani ƙato ta fito.

"Ban fasa gida ba, Malam. Ɓarayi suka shiga, na bi sawunsu. Ɗan gida ne ya buɗe ƙofa."

Malam ya ce ya fita. Aljanin ya yi dariya, ya ce zai fita idan aka ba shi wanda ya buɗe, don zuciyarsa ta fi ɗumi, dama can yana sha'awarta. Malam ya ce ko zaren tabarma ba za a ba shi ba, ya ƙara ƙaimi. Jikin Auta ya ɗauki makyarkyata, aljanin ya sake magana.

"To ya rufe da bakinsa abin da ya buɗe da bakinsa."

Yaya Babba ya dubi ƙanwarsa, wadda ya goya tana jaririya, haƙoranta na haɗuwa. Ya durƙusa.

"Baba, ni ne. Ni na ba su kalmar, ina sane."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Baba bai zage shi ba, ya dai yi wata biyu ba ya kallon inda yake. Auta ta warke, ba ta taɓa tayar da zancen ba, har ta zaunar da shi ta koya masa aikin wayoyin. Sai dai kunnenta na hagu bai sake ji ba. Har yau, duk sanda Yaya Babba zai yi mata magana, sai ya zagayo ta damanta.