Zoben da Habila Ya Harba Cikin Duhu

Yaya Tanimu, ɗan baffanmu, shi ya ba mu wannan labari a tsakar gida, wani dare da aka ɗauke wuta. Sai da ya rage lagwanin fitila kafin ya fara. Ya ce mu matso, ba zai ɗaga murya ba.

Ya ce a ƙarshen garinmu, daf da tsohuwar rumfar auduga, an yi wani mai gyaran fanka da rediyo, sunansa Habila. Mutum ne mai tsari, ko guntun waya ba ya yarwa. A makarantar mishan ya taɓa ganin malaminsu ya sa zobe ya yi tsalle ba tare da an taɓa shi ba. Abin bai fita daga ransa ba har ya fara furfura. Sai ya ce zai haɗa nasa.

Ya tara wayoyin ƙafar keke, ya ɗaure su suka zama sanda guda. Ya warware jar waya daga fankokin da suka ƙone, ya yi ta naɗa ta a gindin sandar. Zoben kuwa daga bakin tsohuwar butar sanholo ya yanko shi, faɗinsa kamar awarwaro. In an zura shi a sandar aka danna makunni, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya ture zoben sama.

A unguwarsu ba a kawo wuta sai dare ya raba. Rufin shagon kuma gajere ne. Don haka ya ja doguwar waya, ya fitar da na'urar bayan shago, inda hanyar rumfar auduga ta wuce.

Ya lura in ya danne zoben da itace, sai ya riƙa gurnani yana ɗaukar zafi. Wani dare ya so ya ga iyakar zafin. Ya danne shi har ya tofa masa yawu, yawun ya ƙone. Sannan ya ɗage itacen.

Zoben ya tashi, ya karkata, duhu ya haɗiye shi.

Habila ya kasa kunne ya ji faɗuwarsa. Bai ji ba.

Nan take aka ɗauke wuta. Daga cikin gida matarsa Larai ta kira shi.

"Baban Rifkatu, zo ka ga hannun yarinyar nan."

Ya shiga da fitila. 'Yarsu ɗaya tilo tana kwance, jikinta kamar garwashi. A wuyan hannunta na hagu ga ƙuna, zagaye cif. Suna kallo fatar tana tashi.

"Ta taɓa murhu ne?"

"Barci take yi. Ko motsi ba ta yi ba."

Ya koma shago neman man ƙuna. A bakin ƙofa ya tarar da mace a tsaye, doguwa, lulluɓe da baƙin mayafi. Tana riƙe da yarinya ƙarama.

"Baiwar Allah, lafiya da daren nan?"

Leɓenta ya motsa. Amma muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga wata matacciyar rediyo ta fito, wadda ke kan kanta, ba batir a cikinta.

"Mai waya, kai ka yi jifa."

Habila ya sauke fitilar ƙasa. Hasken ya faɗa kan ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

A nan Yaya Tanimu ya tsaya ya dube mu.

Ya ce matar ta ɗaga hannun yarinyar. Ga zoben Habila a wuyan hannunta na hagu, yana hayaƙi.

"In za ka zubar da ruwan zafi da dare, me kake cewa?"

"Nakan ce gafara, Inna. Tun ina yaro ban taɓa fashi ba."

"Yau fa?"

"Ai ba ruwa na zubar ba."

"Zafi ka jefa. Mu kuma muna wucewa."

Ya san dokar, ya kiyaye ta duk rayuwarsa. Bai taɓa tunanin ta shafi waya da ƙarfe ba.

"Ba ma iya taɓa shi," in ji muryar. "Muddin yana hannun 'yata, yana hannun taka. In asuba ta yi bai fita ba, mu biyu za mu yi makoki."

Habila ya ɗauko filaya. Yarinyar na ganin ƙarfen ta buɗe baki, duk rediyoyin shagon suka yi ƙara tare. Daga cikin gida ya jiyo Rifkatu ta amsa da irin kukan. Ya yar da filayar. Ya miƙa hannu.

"Kada ka taɓa ta. Hannun ba zai ƙara zama naka ba. Abin da ya sa shi, shi zai cire shi."

Ya gane. Ya fita bayan shago, suka biyo shi, ba ya jin takunsu. Ya tuɓe rigarsa, ya naɗe sandar ƙarfen da ita tun daga gindi har sama, ya duba ko ina don kada tsinin ƙarfe ya leƙo ya taɓa yarinyar. Ya nuna wa yarinyar yadda za ta yi. Ta durƙusa, ta jingina hannunta a jikin sandar, yatsu sama. Da ɗan itace ya lallaɓa, har sandar ta shiga tsakanin zoben da fatarta.

Ya ɗora yatsa kan makunni.

Babu wuta.

Suka zauna jira. Sauro ma bai zo wurin ba. Yana jin Larai tana addu'a a ɗaki, tana kiran sunan 'yarsu. Tun yana jin nishin Rifkatu har ya daina ji. Ya so ya tashi ya leƙa, amma in wutar ta zo ta koma yana ciki fa? Ya zauna. Matar na tsaye a kansa, ba ta numfashi.

Can gabas ta fara yin toka-toka. Wani zakara ya gyara murya.

Sai ƙwan fitilar shago ya yi ja, ya dushe, ya sake kamawa.

"Gafara dai, masu wucewa," in ji Habila, da muryar da shi kansa bai gane ba. Ya danna.

Zoben ya yi gurnani, ya zame ta kan yatsun yarinyar, ya tashi. Wannan karon ya ji faɗuwarsa cikin ciyawa.

A cikin gida Rifkatu ta ce, "Mama, ruwa."

Habila ya kifa kansa a gwiwa. Matar ta sunkuyo. Ya ji sanyi a kunnensa na dama, kamar an hura masa iska daga rijiya.

"Ga tukuicinka. Ba za ka ƙara cewa ba ka san muna nan ba."

Da ya ɗago, ba kowa.

Rifkatu ta warke, ta girma, ta yi aure. Amma Habila bai ƙara samun shiru ba. Kunnen nan ya buɗe. Yana jin su a bakin rijiya, a gindin katanga, a bayan ƙofar ɗakinsa, suna hira, suna lallashin 'ya'yansu. Ya kwance na'urar, ya rufe shagon. Yaya Tanimu ya ce shi kansa ya gan shi da tsufansa a hanyar rumfar auduga da rana tsaka, yana tafe a hankali, yana rakuɓewa gefe, yana gaida dama da hagu, alhali ba kowa a hanyar.

Ɗaya daga cikinmu ya tambayi Yaya Tanimu ko har yanzu suna bin wurin.

Ya ce ya taɓa yi wa Habila wannan tambaya. Tsohon ya dube shi da tausayi, ya ce, "Ɗana, ranar kasuwa ma garinmu bai kai hanyar nan cika ba."

Yaya Tanimu ya hure fitilar.

"Kada waninku ya bi ta shi kaɗai," ya ce cikin duhun. "In kuma dole ta sa, ya tafi yana sallama."