Shuɗin Furen Ɗa'ifa

A falon gidan Baba Yunus da ke unguwar Zahir a Makka, Manal ta shigo da tukunyar fure, tana ta washe baki.

"Goggo, dubi abin da Hafizu ya kawo mini daga gonar da yake aiki a Ɗa'ifa!"

Goggo Kande, yayar Baba, ta taɓe baki. Dama ta ce ɗiyar ɗan'uwanta mai digiri ba za ta auri leburan gona ba.

"Wasu na kawo zinare, shi ya kawo ciyawa! Meye sunanta?"

"Cornflower, Goggo. A gonakin alkama na Turai take fitowa da kanta, har shuɗinta ya zama sunan kala. Wai a da samarinsu na soka ta a riga. In ta yi saurin yaushi, to soyayyar ba ta da ƙwari."

Subul da baka! Goggo ta yi wuf ta sure tukunyar.

"Halas, shi ke nan! Da bakinki kika faɗa. Yunus, kai ne shaida. In ta yi yaushi, a sallami yaron nan!"

Ta haye da ita saman bene, ta dire a tsakiyar ranar Makka. Kwana uku furen ya bushe ƙamas. Manal ta sha kuka har idanunta suka kumbura.

Ranar Juma'a Hafizu ya zo, ya durƙusa ya gaida manya. Goggo ta turo masa tukunyar da ƙafa.

"Ga soyayyarka nan, malam manomi."

Ya yi murmushi, ya tsinki kan fure ɗaya ya murza a tafin hannunsa.

"Goggo, Allah ya ƙara girma, ki duba. Ya bushe, amma shuɗin bai gushe ba. Waɗannan 'yan ƙwayoyin kuma iri ne. Ba ya son zafi, sai sanyi ya shigo ake shuka shi. Wata biyar ne kawai, zan jira."

"In kuma bai fito ba fa?" in ji Baba Yunus.

"Sai in sake shukawa baɗi, Baba."

Baba ya juya ga yayarsa. "Kande, shekara nawa mahaifinmu ya yi a hanya kafin ya iso garin nan da ƙafa?"

Ta sunkuyar da kai. "Bakwai..."

Da sanyi ya shigo, Hafizu ya shuka irin a inuwar benen gidan. Abin dariya, wata safiya Manal ta kama Goggo da buta tana ba shi ruwa!

"Ke, kauce! Alwala na zo yi!"

Ranar ɗaurin aure, Goggo da hannunta ta soka shuɗin fure a mayafin amarya, tana rangaɗa guɗa.

Jama'a, kada a yanke wa mutum hukunci a ranar da zafi ya taɓa shi. Wanda ya iya jiran damina, shi ke girbi.